Rikicin harajin VAT: Yadda shari'o'in Fatakwal, Legas da Kano ke taɓa aljihun mutumin Tafoki

Ranar Juma'a, 10 ga Satumba, 2021, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Abuja ta umarci gwamnatin Jihar Ribas da Hukumar Tara Haraji ta Ƙasa, FIRS, da kowa ya tsaya inda yake a kan batun wanda ke da hurumin karɓar harajin VAT. A wannan ranar ce kuma Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar da za ta ba Legas damar karɓar nata harajin da kanta.

Mutanen Tafoki da ke Ƙaramar Hukumar Faskari ba su cikin waɗanda suka bi wannan labari a wayoyinsu. A makon ne aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, cikinsu har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Kwanaki kaɗan kafin nan Gwamna Aminu Bello Masari ya rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ya kuma hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin.

Wato a daidai lokacin da manyan lauyoyi ke fafatawa kan kuɗin da ake cira daga katin waya, mutanen da ake cirar kuɗin daga hannunsu ko kiran waya ba sa iya yi. Kuɗin da ake shari'a a kansu kuwa, wani kaso daga cikinsu ne ke shiga asusun Ƙaramar Hukumar Faskari duk wata.

Harajin da ba ya zuwa da ɗan sanda

Dattawan yankin nan sun san haraji da jangali. Sun san lokacin da mai unguwa ke bin gida-gida, dagaci na jira, wanda bai biya ba kuma ya san abin da zai biyo baya. A 1979, lokacin Katsina na cikin tsohuwar Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa ya soke su, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Tun daga nan mutane da yawa a karkara ke ganin sun rabu da biyan haraji, in ban da kuɗin kasuwa da na tasha.

Ba su rabu ba. Harajin ne ya sake kama, ya shige cikin farashin kaya.

Gwamnatin soja ce ta kawo VAT da Doka mai lamba 102 ta 1993, aka soma karɓarsa a Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin 100. Ya maye gurbin harajin sayar da kaya na 1986 wanda jihohi ke karɓa. Daga 1 ga Fabrairu, 2020 aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5.

Ga yadda yake aiki. A ɗauka, don misali kawai, kamfanin siminti ya sayar wa dila buhu a kan naira 10,000. Zai ɗora naira 750 na haraji, ya kai wa gwamnati. Dilan da ke Funtuwa zai sa ribarsa, ya ɗora harajin a kan sabon farashin, ya cire abin da ya riga ya biya kamfani, ya miƙa ragowar. Haka abin ke gangarowa har ya iso ga magidancin da ke son yaɓe ɗakinsa kafin damina. Shi ba shi da wanda zai tura wa. A kansa nauyin ke ƙarewa.

A 2020 aka ɗauke wa ƙananan 'yan kasuwa da cinikinsu bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓar VAT. Saboda haka mai shago a Tafoki ko 'Yankara ba ya rubuta wa kowa rasit mai ɗauke da haraji. Amma kayan da ke kan kantarsa an riga an biya musu tun daga sama: sabulu, batir, kwanon rufi, tayar babur, fitila mai caji. A katin waya na naira 1,000, kusan naira 70 haraji ne.

Akwai abubuwan da dokar ta ware. Kayan abinci na yau da kullum, magunguna, littattafai, takin zamani da kayan aikin gona ba a ɗora musu. Wannan sauƙi ne ga talaka, babu shakka. Sai dai yana da wata fuska da ta zama jigon rikicin: masara da dawa da waken suya da ke fita daga Faskari da Sabuwa da kasuwar Ɗandume tirela-tirela ba sa barin ko sisi a littafin VAT. Duk wanda ya buɗe littafin zai ga kamar yankin ba ya samar da komai.

Kalmar da babu ita a Kundin Tsarin Mulki

Tushen duk shari'o'in abu ɗaya ne. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya jera abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. A ɓangaren haraji, lamba ta 58 ta ambaci harajin hatimi, ta 59 ta ambaci harajin kuɗin shiga da na riba da na ƙaruwar darajar kadara. Babu VAT. Babu harajin saye da sayarwa. Ƙa'idar kuwa ita ce, abin da ba a ba tarayya ba, ba a kuma sa shi cikin jerin na tarayya da jihohi ba, na jihohi ne.

Sojoji ba su damu da wannan ba, domin dokar soja tana sama da kundi. Da aka dawo mulkin farar hula sai dokar ta ci gaba da aiki a matsayin wadda aka gada, tambayar kuma ta zauna tana jiran mai yin ta.

Tun kafin a haifi VAT ma an taɓa kai irin wannan ƙara. A 1982 Jihar Ogun ta yi dokar harajin sayar da kaya, wasu dilolin giya ƙarƙashin wani mai suna Aberuagba suka ƙalubalance ta. A 1985 Kotun Ƙoli ta raba gardamar: jiha na iya sa haraji a kan cinikin da ake yi a cikin iyakarta, amma ba ta da iko a kan cinikin da ke ƙetare iyaka daga wata jiha zuwa wata, domin wannan hurumin tarayya ne. Har yau kowane ɓangare na jingina da rabin hukuncin da ya yi masa daɗi.

Legas ce ta fi kowa naci. Ta kai gwamnatin tarayya gaban Kotun Ƙoli kai-tsaye tana neman a soke dokar VAT. A Afrilun 2014 kotun ta kori ƙarar ba tare da ta taɓa gundarin maganar ba. Ta ce rigimar tsakanin Legas ce da hukumar tara haraji, don haka a Babbar Kotun Tarayya ya kamata a faro.

Sai shari'ar otal ɗin Eko. Otal ɗin ya tsinci kansa tsakanin masu karɓa biyu, tarayya na neman VAT, Legas na neman harajin sayarwa, duk a kan kwano ɗaya na abinci da ɗaki ɗaya na kwana. Ya je kotu ya ce a faɗa masa wa zai biya. A Disambar 2017 Kotun Ƙoli ta ce dokar VAT ta riga ta mamaye fagen, dokar jiha ba ta da wurin zama, karɓar duka biyun kuma haraji biyu ne a kan abu ɗaya. Amma a nan ma ba a tambayi kotun ko dokar VAT ɗin kanta tana da gindin zama a kundi ba, ita ma ba ta amsa ba.

Kano ma ta gwada

Abin da ake yawan mantawa, idan ana ba da labarin nan kamar rigimar Kudu da Arewa ce tsantsa, shi ne Kano ta taɓa bin sahun Legas. A 2017, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, jihar ta gyara dokar tara kuɗin shigarta ta sa harajin kashi 5 cikin 100 a kan abin da aka saya a otal-otal da gidajen abinci da makamantansu. Ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta NECA da kamfanin da ke tafiyar da kantunan Shoprite suka garzaya kotu. A 2018 Mai shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya soke harajin, bisa hujjar da aka kafa a shari'ar Eko.

Shekara guda bayan haka, a Oktoban 2019, wani alƙalin wannan kotu ɗaya, Mai shari'a Rilwan Aikawa da ke zama a Legas, ya yanke akasin haka. Ya tabbatar da harajin da Legas ke karɓa a otal-otal da gidajen abinci, ya ce FIRS ce ba ta da hurumi a wurin. Daga baya, a 2022, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jingine hukuncin nasa. Amma na ɗan lokaci an zauna a ƙasa ɗaya inda abin da aka haramta wa Kano aka halatta wa Legas.

Duk mai kasuwanci da ke da reshe a biranen biyu ya ga ta kansa a wannan tsakanin.

Hukuncin da ya girgiza gwamnoni

Ranar 9 ga Agusta, 2021, Mai shari'a Stephen Dalyop Pam na Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ya amsa tambayar da aka daɗe ana kewayewa. A ƙarar da Jihar Ribas ta shigar, ya ce Majalisar Tarayya ba ta da ikon sa wani haraji da ya wuce waɗanda aka lissafa a lamba ta 58 da 59, don haka Ribas ce ke da ikon karɓar VAT a cikin jiharta. Ba shi ne na farko ba, domin a Disambar 2020 kotun ta Fatakwal ta faɗi kusan haka a ƙarar da lauya Emmanuel Ukala ya shigar. Bambancin shi ne wannan karon gwamna ne ya yi nasara, gwamnan kuma Nyesom Wike ne.

Cikin kwana goma Wike ya sa hannu a dokar VAT ta jiha. FIRS ta roƙi alƙalin ya dakatar da aiwatar da hukuncin, ya ƙi. Legas ta hanzarta ta yi tata dokar a kan kashi 6 cikin 100. Gwamnonin Kudu suka haɗu a Inugu suka mara wa matakin baya, kodayake Gwamnan Ebonyi na lokacin, David Umahi, ya fito fili ya ce jiharsa ba za ta ji da daɗi ba.

Wike ya kawo alƙaluman da suka yi ta yawo a kafafen sada zumunta. Ya ce a watan Yunin 2021 an tara naira biliyan 15 a Ribas amma biliyan 4.7 aka ba ta, an tara biliyan 46.4 a Legas aka ba ta biliyan 9.3, Kano kuwa biliyan 2.8 ta tara, biliyan 2.8 ta karɓa. Masu goyon bayansa suka ƙara da maganar da ta fi zafi: jihohin da Hisbah ke fasa kwalaben giya suna karɓar kaso daga harajin da aka tara a kan giyar.

Masari na cikin gwamnonin Arewa da suka mayar da martani da kakkausar murya. Ya kira yunƙurin abin dariya, ya ce kasuwar da Legas da Ribas ke taƙama da ita jama'ar sauran sassan ƙasar ne suka yi ta.

A ganina kowane ɓangare na da gaskiyar da ɗayan ba ya son ji. Maganar giya tana da nauyi a wajen mai tunani, kuma ba a amsa ta da zagi. Haka nan ba ƙarya ba ne cewa jihohin Arewa da dama sun kwanta a kan rabon Abuja, suka bar tara kuɗin cikin gida. Amma alƙaluman Wike suna da rami a tsakiyarsu, ramin kuma shi ne ya shafi Tafoki.

Inda aka biya da inda aka rubuta

A tsarin da ake bi a lokacin, ana lissafa VAT ne a inda kamfani ya kai kuɗin, galibi inda hedikwatarsa take. MTN da Airtel da Glo duk a Legas suke da hedikwata. Haka yawancin manyan bankuna da manyan masana'antu. Kayan da aka shigo da su ta ruwa kuma a tashoshin Apapa da Tin Can Kwastam ke karɓar harajinsu, ko da a Kantin Kwari za a sauke su.

Saboda haka naira 70 ɗin da matashi ya biya a katin da ya saya a Sheme, a littafi kuɗin Legas ne. Harajin atamfar da aka sa a lefe a Ƙanƙara, kuɗin Legas ne. Idan aka ce Legas ta tara biliyan 46, ba a ce mutanen Legas ne suka biya biliyan 46 ba. Legas na da ɗimbin masu saye da kuɗi a hannu, wannan ba a musu, amma wani ɓangare na abin da ake kira nata, akwatin karɓa kawai ta zama.

Rabon kuwa haka yake a wancan lokacin: kashi 15 na tarayya, 50 na jihohi, 35 na ƙananan hukumomi 774. A tsakanin jihohi, rabin kuɗin ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda aka tara. Wannan rabin da ake rabawa daidai da kason yawan jama'a su ne ke dawo wa jiha irin Katsina, mai ƙananan hukumomi 34, da abin da mutanenta suka biya ta hannun kamfanonin Legas.

Da hukuncin Fatakwal ya tabbata yadda yake, wannan tukunya ta haɗaka ta fashe ke nan. Kowace jiha ta kama abin da za ta iya kamawa. Katsina za ta koma neman haraji a wurin 'yan kasuwar da yawancinsu ba su da rajista, a kan amfanin gonar da doka ta yafe, a kasuwannin da a wancan watan ma an hana cinikin dabbobi a cikinsu.

Kuma ba gwamnati kaɗai abin zai taɓa ba. Amfanin VAT shi ne dila na cire abin da ya biya a baya. Idan Legas ta karɓi nata a bakin masana'anta, Kano ta karɓi nata a Kasuwar Singa, Katsina ta zo karɓar nata a Funtuwa, wace jiha ce za ta yarda ta cire wa ɗan kasuwa kuɗin da wata jihar ta ci? Idan babu, haraji zai hau kan haraji, wanda ke ƙarshen hanya kuma shi zai fi ɗauka. Ƙauyukan Faskari da Sabuwa a ƙarshen hanya suke. Ga kuma hukuncin Aberuagba da ya hana jiha taɓa cinikin da ya ƙetare iyaka, wanda ke nufin sabuwar shari'a a kan kusan kowace tirela.

Umarnin da alƙalai uku ƙarƙashin Mai shari'a Haruna Tsammani suka bayar a ranar 10 ga Satumba shi ya tsayar da wannan. FIRS ta ci gaba da karɓa. Ribas ta ruga Kotun Ƙoli tana ƙalubalantar umarnin, aka shigar da Legas cikin shari'ar a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Umarni ne na wucin gadi, amma a ƙarƙashin inuwarsa aka ci gaba da rabon wata-wata.

Gwamnatin tarayya ta nemi toshe ɓarakar ta hanyar da ta fi dacewa, wato a gyara kundi a rubuta VAT cikin jerin ikon tarayya. Ranar 1 ga Maris, 2022 aka kaɗa ƙuri'a a Majalisar Tarayya, ƙudurin ya faɗi.

Daga kotu zuwa majalisa

Abin da alƙalai suka bari a rataye, 'yan siyasa suka ɗauka. A Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurorin gyaran haraji huɗu da kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara. A ciki an nemi kashi 60 na kason jihohi ya koma bisa inda kuɗin ya fito.

Arewa ta tashi tsaye. Ranar 28 ga Oktoba gwamnonin jihohi 19 da sarakuna suka zauna a Kaduna ƙarƙashin Gwamna Inuwa Yahaya na Gombe, suka yi watsi da wannan sashe. Majalisar Tattalin Arziƙi ta Ƙasa ta shawarci shugaban ya janye ƙudurorin a sake tuntuɓa, ya ce a bar majalisa ta yi aikinta. Gwamna Babagana Zulum na Borno ya yi gargaɗin cewa jihohin Arewa za su kasa biyan albashi. Malamai suka ɗauki batun a mumbari. Mutane da yawa a lokacin ne suka fara jin sunan VAT da Hausa.

Kwamitin Oyedele ya yi ta bayanin cewa abin da yake nufi shi ne inda aka yi amfani da kaya, ba inda hedikwata take ba, kuma wannan zai rage wa Legas ne. Matsalar ita ce kalmar da aka sa a ƙudurin ita ce dai wadda aka daɗe ana fassarawa da hedikwata. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A Janairun 2025 gwamnoni suka cim ma matsaya, majalisa ta yi gyare-gyare, Tinubu ya sa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, aka tsayar da 1 ga Janairu, 2026 a matsayin ranar fara aiki da sabbin dokokin haraji. An bar VAT a kashi 7.5, ba a ɗaga shi ba kamar yadda aka nema da farko. Kason tarayya ya sauka zuwa 10, na jihohi ya hau zuwa 55, na ƙananan hukumomi ya tsaya a 35. Wajen rabawa, kashi 50 daidai wa daida, 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. FIRS ta koma NRS. An kuma wajabta wa kamfanoni su riƙa bayyana inda cinikinsu ya gudana.

Indiya ta bi irin wannan hanya, amma ta faro daga tushe. Kafin ta fara harajinta na bai-ɗaya a Yulin 2017, sai da ta gyara kundin tsarin mulkinta a 2016, ta kafa majalisar da tarayya da jihohi ke zama tare su yanke shawara, ta kuma yi alƙawarin biyan diyya na shekara biyar ga jihohin da za su yi asara. A Najeriya an sake rabo, an bar kundi yadda yake. Sabuwar dokar, Majalisar Tarayya ce ta yi ta, majalisar da Mai shari'a Pam ya ce ba ta da wannan iko. Duk jihar da ta ga an tauye ta, ƙofar kotu a buɗe take.

Abin da ya rage wa Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa

A takarda, komawa ga inda aka yi amfani da kaya nasara ce ga jiha mai yawan jama'a da ƙarancin hedikwatar kamfanoni. Katin waya shi ne mafi sauƙi, domin kamfani ya san turken da kowane kira ya bi. Wutar lantarki da hada-hadar banki ma ana iya bin sawunsu.

Wahalar tana wajen kayan da ake taɓawa da hannu. Masana'anta ta san ta sayar wa babban dila a Kano. Ba ta san cewa ɗan kasuwar Funtuwa ya zo ya sara ba, balle mai shagon Tafoki da ya sara a wurinsa, ga shi kuma su biyun na ƙarshe mai yiwuwa ba sa cike takardar VAT. Idan rajista ta tsaya a kan dila, to abin da ake rubuta wa Legas a da zai koma ana rubuta wa Kano ko Kaduna, Katsina na kallo. Rigimar da aka yi da Kudu tana iya komawa tsakanin maƙwabta.

Ga kuma tsaro. An rage kason yawan jama'a daga 30 zuwa 20, aka ƙara na amfani da kaya. Yankin da aka tashi ƙauyukansa, aka hana shi noma, kuɗin da zai sayi kwano da siminti ya tafi a kuɗin fansa, sayayyarsa za ta ragu, abin da za a rubuta wa jiharsa ya ragu, a daidai lokacin da ya fi buƙatar asibiti da makaranta da hanya. Watannin da aka yi babu layin waya a 2021, a sabon lissafi, watanni ne da turakun yankin ba za su nuna komai ba.

Akwai wani hukuncin da ya haɗu da wannan. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye, a daina bi ta hannun gwamnoni. Kashi 35 na VAT na cikin kuɗin da ake rabawa a taron wata-wata na Abuja, ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma, har da gurbin VAT daban. Duk mai waya da data zai iya duba na Faskari ko Ƙanƙara ko Sabuwa, ya kwatanta na bana da na bara, ya tambayi kansilan mazaɓarsa inda kuɗin suka shiga.

Ɗan kasuwar da ya kai matsayin biyan VAT kuma aka yi masa ƙiyasin da bai yarda da shi ba, ba sai ya je Legas ba. Kotun sauraron ƙorafin haraji ta shiyyar Arewa maso Yamma a Kaduna take zama, daga nan ake ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Tarayya. Sabbin dokokin sun kuma kafa ofishin mai karɓar koken masu biyan haraji.

Aikin da ya fi girma yana kan gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa da hukumar tara kuɗin shiga ta jihar. Kashi 30 ɗin nan za a raba shi ne da alƙaluman da kamfanoni suka miƙa wa NRS. Jihar da ba ta da nata lissafin na simintin da ke sauka a Funtuwa, da baburan da ake sayarwa a Malumfashi, da turakun waya da ke aiki a Sabuwa, ba ta da abin da za ta ajiye a gaban alƙali ranar da ta ga an rubuta mata ƙasa da abin da mutanenta suka biya.